Alhassan Ɗantata da Tsoron Sayen Fili

Duk hutun da na je Kankiya, sai na tarar da ma'aikatan da suka shafe shekaru suna jinkirin sayen fili, wai gudun asara. Har Kusada zancen ke nan. Wannan ne ya sa na waiwayi rayuwar Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877.

Mahaifinsa Abdullahi Ba'agale ne, ɗan fatauci. Ya rasu Alhassan yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta koma Akara, sai wata dattijuwa da ake kira Tata ta rene shi. Daga sunanta laƙabinsa ya samo asali. Basasar Kano ta 1893 ta tagayyara Bebeji, amma duk da haka ya shiga fataucin goro zuwa Gwanja, daga baya ya riƙa biyo da kayansa ta teku zuwa Ikko.

Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, Turawa suka buɗe kasuwar gyaɗa. Ɗantata ya shige ta da sanin hanya da amintattun yara da ya samu a goro, har ya zama wakilin kamfanin Neja. Sa'ad da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, raƙuma ashirin ne suka kai masa kuɗinsa na azurfa.

Abin lura a wurina shi ne inda ya kafa dukiyar. Ya mallaki fili a Sarari, wajen Koki, ya gina gidaje, ya tara iyali da yaransa na ciniki. Farashin gyaɗa yakan hau ya sauka, ƙasa kuwa tana nan. Ya rasu a 1955, zuriyarsa kuma har yau suna unguwar.

Kasadarsa ta mai ilimi ce: yakan san abu kafin ya zuba jari. Mu ma sani ne maganin tsoronmu. Tun Dokar Filaye ta 1978, ƙasa amana ce a hannun gwamna, don haka mai saye ya binciki asalin fili, ya ji ta bakin mai unguwa da magada, ya nemi takardar shaidar mallaka. Wanda ya yi haka ya rage haɗarin. Wanda ya ajiye kuɗi kuwa, tsadar kaya na cinye su a hankali.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan, ya sa mu dace.