Liyonado Da Binci, Mai Zane Da Ke Aiki Ana Kiɗa

A cikin Turawan da suka yi suna wajen zanen surar mutane, da wuya a sami wanda ya kai Liyonado. An haife shi ran 15 ga Afrilu, 1452, kusa da wani ƙauye wai shi Binci a ƙasar Italiya. Ubansa malamin rubuta takardun shari'a ne. Da yaron ya tasa, sai aka kai shi birnin Fulorans wurin wani gwani, Barokiyo, ya koyi zane da sassaƙa. Bahago ne, har rubutunsa ma daga dama yake farawa zuwa hagu.

Abin da ba kowa ya sani ba, Liyonado makaɗi ne. Yana kaɗa wani irin goge na ƙasarsu mai tsirkiya bakwai, yana ƙaga waƙa nan take. Wajen 1482 ya koma Milan wurin mai mulkin birnin, Ludobiko Sifoza. Wani marubuci, Basari, ya ce ya tafi da gogen azurfa wanda ya ƙera da kansa a kan siffar ƙoƙon kan doki, ya kuwa ƙasar da makaɗan fada duka.

A Milan ne ya rubuta ra'ayinsa a kan sana'o'in nan biyu, bai ko yi wa masassaƙa kara ba. A ganinsa mai sassaƙar dutse yini yake cikin gumi, ƙura ta rufe masa fuska kamar mai tuyar burodi da ya sha gari, gidansa duk tsakuwa, ƙarar guduma ta hana shi jin kome. Shi kuwa mai zane zaune yake da tufafi masu kyau a ɗaki mai tsabta, ana yi masa kiɗa ko a riƙa karanta masa littafi. Mu dai muna ganin akwai son kai a ciki, gama shi kansa ya shekara da shekaru yana gina wani ƙaton doki na yumɓu, wanda sojan Faransa suka mai da abin gwajin harbi da suka ci birnin a 1499.

Duk da ƙaunar da yake wa kiɗa, bai yarda ya kai zane daraja ba. Ya ɗauke su 'yan'uwan juna, amma kiɗa ne ƙarami, don da zarar an kaɗa shi ya wuce ke nan, zane kuwa yana nan.

To, ga inda kiɗan ya yi masa rana. Bayan ya komo Fulorans, wajen 1503, ya soma zana Lisa, matar wani attajiri mai fataucin siliki. Duk wanda ya taɓa zama a gaban mai ɗaukan hoto ya san yadda fuska take bushewa cikin ɗan lokaci, balle mace da za ta yi ta dawowa tana zama ba motsi. Basari ya ce Liyonado ya ajiye makaɗa da mawaƙa da masu ban dariya, suna wasa muddin tana zaune, don kada gajiya ta fito a fuskarta. Watau kiɗan nan don ita aka yi shi, ya zama kayan aiki kamar buroshi da fenti. Daga nan, in ji Basari, aka sami murmushin nan da ya shahara. Sai dai mai karatu ya lura, Basari yana ɗan shekara bakwai Liyonado ya rasu, littafinsa kuma sai 1550 ya fito. Ji ya yi daga bakin mutane. Amma labarin ya dace da abin da Liyonado ya rubuta da hannunsa.

Attajirin bai sami hoton matarsa ba. Liyonado ya riƙe shi yana ta gyara, har ya tafi da shi Faransa a 1516, sa'ad da Sarki Faransuwa na Ɗaya ya kira shi ya ba shi gida kusa da fadarsa a Ambuwaz. Can ya rasu ran 2 ga Mayu, 1519, yana da shekara 67. Hoton, wanda ake kira Mona Lisa, a kan allon katako yake, tsawonsa inci 30, faɗinsa inci 21. Yana ajiye a babban gidan kayan tarihi na Lubur a birnin Faris.