Michael Faraday, Ɗan Maƙerin da Ya Buɗe Ƙofar Lantarki

Duk wanda ya san labarin rijiyar Kusugu a Daura ya ji cewa Bayajida bai tunkari macijiyar ba sai da ya biya Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa. Sunan jarumin muke tunawa, na maƙeran kuwa ba ma ambata. A wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin wani ɗan maƙeri wanda duniya ba ta manta da shi ba.

An haifi Michael Faraday ran 22 ga Satumba, 1791, a gefen birnin Landan ta ƙasar Ingila. Mahaifinsa James maƙeri ne matalauci, ga yawan rashin lafiya. Yaron bai yi nisa a makaranta ba. Yana da shekara 14 aka ba da shi koyon ɗinkin littattafai, ya yi shekara bakwai a wurin. Littafin da aka kawo ɗinki, sai ya karance shi, har sha'awar kimiyya ta kama shi.

A 1812 ya saurari laccocin wani babban masani, Humphry Davy. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi yaron ɗakin gwaje-gwaje a cibiyar Royal Institution. Da suka tafi yawon ƙasashen Turai, matar Davy ta mai da shi kamar bara. Ya daure.

Aikinsa na farko mai tsawo bai yi nisa da sana'ar gidansu ba. Daga wajen 1818 shi da James Stodart, mai ƙera wuƙaƙen likitoci, suka yi ta narka ƙarfe suna gauraya shi da azurfa da wasu ma'adinai, suna neman ƙarfen da zai riƙe kaifi, ya kuma jure tsatsa. Aikin bai kawo riba a lokacin ba, amma ya koya masa halin kowane ƙarfe.

A 1821 ya sa waya mai ɗauke da lantarki ta yi ta kewaya maganaɗisu, wato tushen injin da ke juya fanka da famfon ruwa. A watan Agusta na 1831 ya naɗe zoben ƙarfe da wayoyi biyu da ba su taɓa juna ba. Da ya saki wuta a ɗaya, sai ta motsa a ɗayar. Daga wannan gwaji aka sami tiransifoma, daga na bayansa kuma janareta.

A 1833 ya lura da wani abin da ba a gane darajarsa ba sai bayan shekaru da yawa. Ƙarfe idan ya yi zafi, lantarki yana shan wuya wajen ratsa shi. Amma da ya ɗumama haɗin azurfa da farar wuta, sai ya ga lantarki ya fi wucewa da sauƙi. Irin wannan abu ne masana ke kira semikondakta. Sai a 1947 aka ƙera tiransista da irinsa a Amurka. Rediyonmu, da wayar hannu, da farantin sola da ke kan rufin asibiti, duk jikokin wannan lura ne. A 1845 kuma ya nuna cewa maganaɗisu yana taɓa kowane abu, wani ya ja shi, wani ya ture shi.

Faraday mai bi ne, ɗan wata ƙaramar ekklesiya da ake kira Sandemaniyawa. A 1821 ya auri Sarah Barnard, Allah bai ba su haihuwa ba. A 1840 aka zaɓe shi dattijon ekklesiya, yana wa'azi, yana ziyarar marasa lafiya. Sau biyu aka nemi ya shugabanci babbar ƙungiyar masana ta Royal Society, ya ƙi. A lokacin yaƙin Kirimiya gwamnati ta nemi taimakonsa wajen haɗa guba ta yaƙi. Nan ma ya ƙi, ko da yake masu neman su ne masu iko.

Da tsufa ya zo, mantuwa ta addabe shi, ya ajiye aiki. Ya rasu ran 25 ga Agusta, 1867, a gidan da Sarauniya Biktoriya ta ba shi. Tun yana raye ya ƙi a binne shi a Westminster tare da sarakuna, sai aka kai shi maƙabartar Highgate.

To, iyaye da masu gidan sana'a, yaron da ke zuga-zugi a maƙera ko naɗin waya a shagon gyaran janareta, in ya cika tambaya kada mu ƙwaɓe shi. Mu amsa masa, mu sa shi karatu, mu kuma koya masa tsoron Allah, domin ran da aka nemi gwanintarsa don cutar da mutane ya iya ƙi.