A'isha Diori: Matar Shugaban Ƙasar Nijar da Ta Rasu a Daren Juyin Mulki

Mutanen Zango da Daura ba baƙi ba ne ga labarin Jamhuriyar Nijar, gama iyaka ce kawai ta raba mu da Magarya da Damagaram, ga auratayya, ga cin kasuwa ɗaya. Duk da haka, idan aka ambaci Diori Hamani dattawa sukan gyaɗa kai, amma kaɗan ne za su iya ba da labarin matarsa A'isha, wadda mutanen Nijar suke kira Aisa, ko kuwa Madam Diori.

An haife ta a shekarar 1928 a ƙasar Dogon Dutsi, cikin iyalin Fulani, ta kuwa tashi a tsakiyar Hausawan Arewa a zamanin da samun 'ya mace a makarantar boko abu ne mai wuyar gaske. A 1945 aka ɗaura mata aure da Diori Hamani, wani malamin makaranta Bazabarme, haifaffen Sudure kusa da Yamai, wanda ya girme ta da shekara 12. Malami ta aura, amma shekara ɗaya da bikin siyasa ta ɗauke shi. A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, a shekarar ce kuma aka zaɓe shi wakilin Nijar a majalisar dokokin Faransa. Ya faɗi zaɓe a 1951, ya komo a 1956. Sa'ad da Janar de Gaulle ya kawo ƙuri'ar raba gardama a 1958, Jibo Bakari na jam'iyyar Sawaba ya nemi a rabu da Faransa nan take, bai yi nasara ba, gwamnatinsa ta faɗi. A watan Disamba na wannan shekara Diori ya zama Firayim Minista. Ƙasar ta sami 'yancin kai ran 3 ga Agusta 1960, shi ne kuma ya zama shugabanta na fari. A tsawon zamansu Allah ya ba su 'ya'ya shida.

A waɗannan shekaru matan manya a ƙasashenmu galibi a cikin gida suke, ba a jin muryarsu, ko fuskarsu ba a sani ba. A'isha ba ta bi wannan hanya ba. Ta zama uwar Ƙungiyar Matan Nijar, wadda take tafiya kafaɗa da kafaɗa da jam'iyyar mijinta, ta kuma sa ƙarfinta a kan batun sa 'yan mata a makaranta, da karatun 'ya'yan makiyaya, wato Fulani da Buzaye masu yawo da dabbobi. Wanda ya san yadda iyaye a karkara suke ɓoye 'ya'yansu idan aka zo ɗibar yara, zai gane nauyin a ga matar shugaba, 'yar Fulani kamar kowa, tana tsaye gaban jama'a tana cewa a kai 'ya mace aji. A ganina wannan shi ne mafi girma cikin ayyukanta, ko da yake ba shi aka fi tunawa da ita a kai ba.

Abin da aka fi tunawa shi ne kyau da ado. Takan raka mijinta zuwa ƙasashen waje, masu ɗaukar hoto suna binta saboda sutura da zinariya. Diori kuwa mutum ne mai shiga tsakani. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya ya tsaya da gwamnatin tarayya, alhali Faransa ta karkata ga Biyafara, a Yamai ne kuma aka yi zaman neman sulhu a watan Yuli 1968. A 1970 a can aka kafa hukumar haɗin kan ƙasashe masu magana da Faransanci. Duk baƙin da irin waɗannan taruka suka kawo, uwargidan fadar ita ce mai karɓarsu. Ba zaman lafiya zalla ba ne kuma, domin a watan Afrilu 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin Idin babbar Salla yana neman ran mijinta, Allah ya tsare shi.

Sai fari ya zo. Daga 1968 damina ta fara gazawa a ƙasashen Sahel, ya zuwa 1973 abin ya zama masifa. Shanu suka ƙare, gero ya yi wuya, mutane suka bar garuruwansu suna gangarowa kudu. Dattawan ƙasar Daura sun ga waɗannan baƙi da idonsu. Ƙasashen duniya suka aiko da hatsi, amma sai magana ta bazu cewa manyan jam'iyya suna karkatar da shi suna sayarwa. A nan ne adon da ake yabo ya juya ya zama abin zargi. An san A'isha da manyan gidaje a Yamai waɗanda ake ba ofisoshin jakadanci da kamfanonin waje haya da tsada. Ɗalibai masu zanga-zanga suka laƙaba mata sunan 'yar Ostiriya, suna kamanta ta da Marie Antoinette, sarauniyar Faransa da aka kashe a 1793 bayan talakawa sun yi tawaye. Gaskiya ne cewa gwamnati mai jam'iyya ɗaya wadda ta yi shekara 15 a kan mulki tana da masu laifi da yawa, ya kuwa fi sauƙi a nuna mace ɗaya da yatsa da a lissafta ministoci. Amma gidajen nan ba ƙage ba ne, mai jin yunwa kuma ba ya tambayar wane ne ya fi wani ci.

Ran 2 ga Afrilu 1974 Shugaba Pompidou na Faransa ya rasu, a daidai lokacin da Diori yake jayayya da Faransawa a kan farashin ma'adinin yuraniyam na Arlit. Ran Lahadi 14 ga wata aka yi bikin Ista. A cikin daren, kafin wayewar Litinin 15 ga Afrilu, sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Saini Kunce suka auka wa fadar shugaban ƙasa. Sojojin Faransa da suke Yamai ba su motsa ba. An kama Diori da rai, amma an harbe A'isha, tare da waɗansu masu gadinta da danginta. Masu juyin mulki sun ce ta ɗauki bindiga ta yi turjiya, iyalinta kuwa sun tsaya a kan cewa kisan gilla aka yi mata. Tana da shekara 46 ko kusa da haka. Aka kai gawarta Togone, a ƙasar Dogon Dutsi, aka binne.

Bayan juyin mulkin sojoji sun ba da sanarwar gano hatsin taimako a ɓoye a hannun waɗansu manyan tsohuwar gwamnati. Ƙungiyar matan da ta rena ta tafi tare da jam'iyyar PPN, a 1975 gwamnatin Kunce ta kafa wata sabuwa a madadinta. Diori ya yi shekara shida a tsare, galibi a Damagaram, sa'an nan aka yi masa ɗaurin talala a Yamai har 1987. Ya rasu a Rabat ta ƙasar Maroko ran 23 ga Afrilu 1989. Babban ɗansu, Abdullahi Diori, ya shiga siyasa sa'ad da aka komo mulkin jam'iyyu da yawa, ya yi ɗan majalisa, ya kuma yi minista kafin rasuwarsa a 2011.