Ramón y Cajal, likitan da ya gano yadda jijiya take neman hanyarta

An haifi Santiago Ramón y Cajal ranar 1 ga Mayun 1852 a ƙauyen Petilla de Aragón, arewacin Sifaniya. Yana yaro zane ne ya ɗauke masa hankali, karatu bai dame shi ba, har mahaifinsa, wanda likita ne, ya kai shi koyon aski, daga baya kuma aikin takalma. Duk da haka ya kammala karatun likita a Zaragoza a 1873, ya yi aikin likitan soja a Kuba, ya dawo gida da zazzaɓin cizon sauro.

A 1887 ya ga wani rini na azurfa da ɗan Italiya Camillo Golgi ya ƙirƙiro, wanda ke fito da ƙwayoyin jijiya baƙi ƙirin a madubin likita. Ya inganta rinin, ya riƙa zana abin da yake gani. Daga nan ya nuna cewa kowace ƙwayar jijiya zaman kanta take yi, saɓanin Golgi da ke ganin duk haɗe suke kamar raga. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1906, ba tare da sun daidaita ba.

A 1890, cikin lakar ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba, Cajal ya lura da wani ɗan dunƙule a bakin kowane zaren jijiya mai tsirowa. Naman da yake dubawa matacce ne, amma ya yi hasashen cewa dunƙulen nan rarrafe yake yi, yana lalubar hanya. Daga baya Ba'amurke Ross Harrison ya ga motsin da idonsa a jijiyar kwaɗo mai rai.

Cajal ya rasu a Madrid ranar 17 ga Oktoban 1934, shekara 8 kafin a gano furotin ɗin aktin, wanda zarurrukansa ke tura dunƙulen gaba. Yau an san wasu furotin da ke kama aktin suna sarrafa shi: profilin na taimakawa a tsawaita zaren, kofilin na yanka tsoho, fasin kuma na ɗaure su dami-dami.

Ya bar wata tambaya da ya daɗe yana nazari: me ya sa jijiyar hannu kan sake tsirowa bayan rauni, amma ta laka ba ta yi? Ga wanda hatsarin babur ya shanye wa ƙafafu, amsarta ita ce ko zai sake takawa. Masu bincike na ci gaba da neman ta a cikin wannan dunƙule.