FRED ALBEE, LIKITAN DA YA YI WA ƘASHI AURE

Duk manomin da ya taɓa yi wa mangwaro aure ya san yadda abin yake: a yanko reshe mai kyau, a tsaga uwar itacen, a cusa, a ɗaure tam, sai su haɗe su zama abu guda. Wannan hikima ce wani likitan Amurka mai suna Fred Albee ya ɗauko daga lambu ya kai ɗakin fiɗa.

An haife shi ran 13 ga watan Afrilu 1876 a ƙauyen Alna, cikin jihar Maine. Kakansa masassaƙi ne, kuma gwani wajen auren itatuwa. A hannunsa yaron ya koyi yanka katako daidai wa daida, yadda ɓangare biyu za su shiga juna babu rata. Ya gama karatun likita a jami'ar Harvard cikin 1903, daga nan ya koma birnin New York.

A zamanin nan tarin fuka ba shi da magani. In cutar ta kama ƙashin baya sai ta riƙa cin sa a hankali, har yaro ya yi ƙusumbi, wani ma ƙafafunsa su mutu. Abin da likitoci suke iyawa bai wuce su kwantar da shi shekara da shekaru cikin filasta ba. Cikin 1911 Albee ya bayyana wata hanya. Yakan yanko siririn ƙashi daga ƙwaurin mara lafiyar, ya tsaga ƙasusuwan gadon bayansa, ya dasa shi a ciki. Bayan wasu watanni sai su haɗe, bayan ya tsaya da ƙarfinsa. Don yankan ya fita sumul, kuma a rage lokacin fiɗa, ya ƙera wani ɗan zarto mai aiki da lantarki. Littafinsa a kan dashen ƙashi ya fito cikin 1915. Lokacin yaƙin duniya na farko kuwa aka ba shi jagorancin fiɗa a babban asibitin soja na Colonia, inda aka ceto hannuwa da ƙafafun sojoji da yawa waɗanda da can yankewa za a yi.

Amma hanyar tana da nata aibi. Ɗebo ƙashi daga jikin mutum rauni ne na biyu, mai zafi, kuma abin da za a iya ɗebowa ƙalilan ne. Albee ya san cewa kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashi ma'adini ne, wato fosfat na kalsiyum, dangin dutsen fosfat ɗin nan na yankin Tawa da ake niƙawa a yi taki. Sai ya tambayi kansa ko wannan ma'adini zai taimaki ƙashi ya tsiro. Shi da abokin aikinsa Morrison suka cire ɗan guntun ƙashi daga ƙafafun zomaye, suka ɗura ruwan fosfat a gurbin wasu, suka bar wasu haka nan. Waɗanda aka ɗura wa suka riga sauran warkewa. Suka buga sakamakon cikin 1920.

A ganina wannan ɗan gwaji na zomaye shi ne mafi nisan tasiri cikin ayyukansa, ko da yake ba shi ya jawo masa suna ba. An yi kusan shekara 50 kafin masana su bi sawun da gaske. Cikin 1969 Larry Hench, a jami'ar Florida, ya haɗa wani gilashi na silika da kalsiyum da fosfat wanda ke mannewa da ƙashi mai rai. Cikin shekarun 1970 kuma aka iya gasa garin fosfat a wuta mai tsanani, kamar yadda ake gasa tukunya, ya fito da ƴan ƙofofi inda jijiyoyin jini da sabon ƙashi suke kutsawa. Da irinsu likitocin ƙashi da na haƙori suke cike gurbi a yau. Sai dai suna da saurin tsagewa, ba su ɗaukar nauyin jiki su kaɗai, don haka har yanzu ba a daina dasa ƙashin mutum a jikinsa ba.

Albee bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan kayayyaki ba. Ya rasu a New York ran 15 ga watan Fabrairu 1945, yana da shekara 68.