Henri Mignet da jirginsa na gida

A wannan mako mun waiwayi tarihin Henri Mignet, Bafaranshen da aka haifa a 1893, wanda ya yi aikin rediyo a soja lokacin yaƙin duniya na farko. Burinsa shi ne duk mai zarto da guduma ya iya haɗa jirgin sama a gidansa.

Da katako da yadi da injin babur ya ƙera wani ƙaramin jirgi mai fukafukai biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, wanda ya tashi a watan Satumba na 1933. Ya raɗa masa suna Pou-du-Ciel, wato ƙwarƙwatar sama. A 1934 ya fitar da littafin da ya bayyana yadda ake haɗa shi, nan da nan ɗaruruwan mutane a Faransa da Ingila suka duƙufa. A 1935 shi da kansa ya tsallaka teku da jirgin zuwa Ingila.

Ashe akwai aibi a ɓoye. Idan hancin jirgin ya sunkuya sosai, fiffiken baya sai ya rinjayi na gaba, matuƙi ya kasa ɗago shi. Mutane da dama sun mutu kafin gwajin masana na 1936 ya gano dalili, hukumomi suka hana jirgin tashi.

Mignet ya sake tsarin fukafukan, ya ci gaba da ƙira har mutuwarsa a 1965. Mu ƴan kasuwa mun sani, ba a yabon kaya sai an gwada.