Bhamashah: Wazirin Da Ya Riƙe Amana A Ranar Wuya

Jama'a tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu daraja, a wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Indiya, mu ɗauko tarihin wani waziri mai suna Bhamashah, wanda har yau ake buga misali da shi wajen kyauta da riƙon amana.

An haifi Bhamashah a shekarar 1547. Mahaifinsa Bharmal ya yi wa sarakunan Mewar hidima, har ya taɓa riƙe ganuwar Ranthambore. Ita Mewar masarauta ce ta Rajputawa, tana cikin jihar da yanzu ake kira Rajastan. Gidansu Bhamashah mabiya addinin Jain ne. Mutanen wannan addini ba su da yawa a Indiya, amma sun yi suna wajen fatauci da iya lissafi. Addininsu ya hana cutar da duk wani abu mai rai, ya kuma yi horo da kada mutum ya ƙwallafa ransa a kan abin duniya.

A zamanin nan Sarki Akbar na daular Mughal yana ta mamaye ƙasashe. A 1568 ya ci Chittor, babban birnin Mewar. Sarakunan Rajputawa da yawa suka yi mubaya'a, suka samu sarauta da girma a fadarsa. Amma Maharana Pratap, wanda ya hau gadon Mewar a 1572, ya ƙi miƙa wuya. A watan Yuni na 1576 aka gwabza yaƙi a Haldighati, tsakaninsa da rundunar Akbar wadda Man Singh na Amber ya jagoranta. Bhamashah da ƙanensa Tarachand suna cikin waɗanda suka fita tare da Pratap. Yaƙi bai yi kyau ba, sai sarki ya ja da baya ya shige duwatsun Aravalli.

To, a nan ne ake gane na ƙwarai. Sarki ya rasa garuruwansa, haraji ya yanke, ba abin da zai biya mayaƙa. A irin wannan hali da yawan fadawa kan nemi sabon ubangida. Shi kuwa Bhamashah, da shi da ƙanensa, sai suka kai hari yankin Malwa da ke hannun Mughal, suka dawo suka zube dukiya gaban Pratap. Marubutan tarihin Mewar sun ce kuɗin sun kai rupi miliyan 2 da dubu 500, ban da tsabar zinariya guda 20,000. A bakin mutanen ƙasar kuma ana cewa dukiyar ta isa ta ciyar da mayaƙa 25,000 har shekara 12.

Masana sun yi saɓani a kan asalin dukiyar. Wasu sun ce ta gidansa ce, wasu sun ce ganima ce, wasu kuma sun ce baitulmalin masarauta ne da ya ɓoye lokacin da aka watse. Ko wanne ne gaskiya, darajarsa ba ta ragu ba. In tasa ce, ya yi kyauta. In ta masarauta ce, ya mayar da ita ga mai ita a ranar da babu wanda zai iya tuhumarsa.

Da wannan taimako Pratap ya sake tara runduna. A 1582 ya ci nasara a Dewair, sannu a hankali ya ƙwato mafi yawan ƙasarsa, ko da yake Chittor ba ta dawo hannunsa ba. Ya kafa sabuwar fada a Chavand, a nan ya rasu a 1597. Bhamashah ya ci gaba da wazirci a ƙarƙashin ɗansa Amar Singh. An ruwaito cewa da ajali ya matso, ya ba matarsa wani kundi da ya rubuta duk wuraren da aka ɓoye dukiyar masarauta, don a miƙa wa sarki. Ya rasu a 1600, ɗansa Jiva Shah ya gaje shi.

Indiya ba ta manta da shi ba. A shekarar 2000 an buga kan sarki mai ɗauke da hotonsa. A Rajastan kuma, lambar yabon da ake ba masu taimaka wa makarantun gwamnati da dukiyarsu, sunansa aka sa mata.

'Yan'uwa, wannan na ƙarshe ya shafe mu. Makarantar da ta raine mu ita ma tana da ranar wuya. Abin da muka samu a cikinta ajiya ce aka ba mu, ba mu saya ba. Wanda Allah ya buɗa wa, ya tuna da ajujuwa da ɗakin karatu da ƙannenmu da ke zaune a kujerun da muka bari. Wanda kuma aka damƙa wa kuɗin ƙungiya, ya riƙe kundinsa tsaf yadda ko bayan ransa za a buɗe a ga komai daidai.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.